Bokiti ɗaya na ruwan wanka, wuta nawa yake ci?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu lissafi da masu harkar sola ku taimaka min. Ina da inbata mai 1.5kVA da batir biyu, kowanne 12V 200Ah. Suna riƙe min fanka uku da fitilu da talabijin har gari ya waye, ko gezau. Yau da asuba uwargida ta tsoma hita a bokiti za ta ɗumama wa yara ruwan wanka, ko minti ɗaya ba a yi ba inbata ta hau kuka, gida ya yi duhu. Ruwa ne fa bokiti ɗaya. Wanda ya haɗa min ne ya zuba min kaya marasa ƙarfi, ko kuwa yaya abin yake?

Injiniyan Sola:
Wa alaikumus salam. Alhaji, juya hitar ka karanto mana abin da aka rubuta a jikinta.

Abban Khadija:
An sa 1500W.

Injiniyan Sola:
To babu wanda ya cuce ka. Inbata mai 1.5kVA yawanci abin da take iya bayarwa bai wuce wat 1200 ba, kai kuma ka ɗora mata 1500 a kan fitilun da ke kunne. Kukan da ta yi kare kanta ta yi. Amma ko da babba ce ta ɗauka, ba zan ba ka shawarar dafa ruwa da batir ba. Malam, ga fagenka.

Malamin Fiziks:
Na gode Injiniya. Alhaji, abu uku kawai za ka sani: nauyin ruwan, zafin da yake da shi yanzu, da zafin da kake so ya kai. Nauyin ba sai ka nemi sikeli ba, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Sai lamba ɗaya da za ka haddace: kafin kilo ɗaya na ruwa ya ƙara zafi da digiri ɗaya, sai ya sha kilojul 4.2. Jul ma'aunin makamashi ne, kilojul kuwa jul dubu ke nan.

Mu ɗauka bokitinka mai lita 20 ne. Ruwan da ya kwana a tanki cikin hunturun nan, a ce yana digiri 18. Ruwan wanka mai daɗi kuwa wajen digiri 40 ne. Ɗebe 18 daga 40, saura 22.

20 × 4.2 × 22 = kilojul 1848.

Yunit ɗaya na mitar wuta kilojul 3600 ne. Raba 1848 da 3600, ka samu 0.51, wato rabin yunit da ɗan ɗoriya. Hitarka tana ba da kilojul ɗaya da rabi a kowace daƙiƙa, don haka sai ta yi daƙiƙa 1232, minti 20 da ɗan kai ke nan.

Abban Khadija:
Malam, rabin yunit ai ba wani abu ba ne.

Injiniyan Sola:
A mita ba wani abu ba ne, a batir kuwa babban abu ne. Batir ɗinka biyu: 2 × 12 × 200, yunit 4.8 ke nan a rubuce. Irin waɗannan masu ruwa ba a so ka zuƙe fiye da rabi in kana son su yi ƙarko, saura 2.4. Ku nawa ne a gidan? In ku biyar ne, bokiti biyar sun cinye yunit 2.5 da wani abu, ka ga an zarce tun ba a kunna ƙwai ɗaya ba. Kuma rabin yunit ɗin nan da kake rainawa, shi ne abin da fankar sama mai wat 75 take ci a kusan awa bakwai.

Maman Sadiq:
Ku maza kuna da son wahalar da kanku wallahi. Wa ya ce sai an ɗumama bokiti gaba ɗaya? Tun muna yara, tukunya ɗaya ake tafasawa a sirka. Ni 'yar tukunyata nake ɗorawa a gas, ta tafasa in juye a bokiti in cika da na sanyi. Ai ka ga na rage cin wuta, tunda ruwa kaɗan na dafa.

Ɗan Aji Shida:
Gaskiyar Anti ce. Nauyi ya ragu, dole amsa ta ragu.

Malamin Fiziks:
Ɗana, ka duba lamba ɗaya ka manta da ɗayar. Hajiya, bari mu auna tukunyar taki. Don a samu lita 20 mai digiri 40 daga ruwa mai digiri 18, sai an zuba tafasasshe kimanin lita 5.4. Shi kuma wannan daga 18 za ki kai shi har 100, tazarar digiri 82 ke nan, ba 22 ba.

5.4 × 4.2 × 82, kilojul 1860 ne kusan.

Kin ga mun dawo inda muka baro, ɗan bambancin ma don na gutsure lambar ne. Abin da kika rage a yawan ruwa kin biya shi a tsananin zafi.

Maman Sadiq:
Malam, da girmanka, ni dai ban yarda ba. Na gwada ɗora babbar tukunya cike, sai ka gaji da jira. Ƙaramar kuwa kafin in gama haɗa wa yara kayan makaranta ta tafasa.

Malamin Fiziks:
Ita babbar, jira kike sai ta tafasa?

Maman Sadiq:
To me zan jira in ba tafasa ba?

Malamin Fiziks:
Yauwa, nan gizo ke saƙar. In kika tafasa lita 20, kin kashe 20 × 4.2 × 82, kilojul 6888, ruwan wankan mutum uku har da ragowa. Ni cewa na yi a sauke ta da ta kai yadda hannu zai iya shiga. In aka yi haka, wuta iri ɗaya, lokaci kusan iri ɗaya. A gaskiya ma ɗumamawar ta ɗan fi riba, domin tukunya mai tsananin zafi ta fi saurin zubar da zafinta cikin iska.

Hajiya Inna:
Malam, a takarda ka yi daidai, amma a tsakar gida 'yata ce ta fi ka gaskiya. Wa zai sauke tukunya mai lita 20 daga kan gas da asuba? Bayan wa? Sannan mai tafasawa tana da alama, tana jin ƙara ta san ya yi. Mai ɗumamawa kuwa sai ta tsaya tana tsoma yatsa, in ta juya ta goya yaro ya wuce misali, a dawo ana neman na sanyi. Sirkawa ba don ragin wuta aka gaje ta ba, don sauƙin hannu ne.

Malamin Fiziks:
Wannan hujja ce, Hajiya, kuma lissafi bai hana ta ba. Abin da na musa kawai shi ne a ce an rage wuta.

Abban Khadija:
Ni abin da ya ɗaure min kai, me ya sa ruwa yake da ci haka? Dutsen guga minti biyu ya yi zafin da ba ya taɓuwa.

Malamin Fiziks:
Kowane abu da lambarsa. Ƙarfe 0.45, alminiyan da ake yin tukunya da shi 0.9, yashi wajen 0.8, ruwa 4.2. Wutar da za ta ɗaga kilo ɗaya na ƙarfe digiri tara, digiri ɗaya za ta ɗaga kilo ɗaya na ruwa. Shi ya sa yashin bakin rafi yake ƙona ƙafa da azahar alhali ruwan yana nan da sanyinsa, rana ɗaya ce kuma take dukansu. Shi ya sa kuma ba na damuwa da nauyin tukunya a lissafi: tukunya mai kilo ɗaya, ka ɗaga ta digiri 80, kilojul 72 kacal ta sha.

Wani Bature ɗan Ingila, James Joule, wanda aka sa wa ma'aunin sunansa, shi ya auna wannan a shekarun 1840. Ya rataya nauyi da igiya, nauyin yana sauka yana juya wasu fukafukai a cikin ruwa, shi kuma yana duba ɗan zafin da ruwan ya ƙara. Da awonsa za ka iya juya kilojul 1848 ɗin nan zuwa aikin ƙarfi: daidai yake da ka ɗaga buhun siminti mai kilo 50 sama har mita 3700 da 'yan kai. Wannan aikin ka sa inbatarka da asuba.

Abban Khadija:
Innalillahi. Ashe haƙuri zan ba ta.

Ɗan Aji Shida:
Malam don Allah ka duba min wannan, irinta suke kawowa a WAEC. Ruwa kilo 2, daga digiri 30 zuwa 80, an ce a ɗauki 4200, wato 4.2 ɗin nan taka in an mai da ita jul. Na ɗebe na samu 50, na ƙara 273 don ya koma ma'aunin zafi na Kelbin, ya zama 323. Amsata jul 2,713,200. A bayan littafi kuma 420,000 aka rubuta.

Malamin Fiziks:
Littafin ne daidai. Ana ƙara 273 ne a kan zafin kansa, ba a kan tazara ba. Gwada ka gani: 30 ya koma 303, 80 ya koma 353, ɗebe, 50 ɗin nan dai za ka samu. Don haka 2 × 4200 × 50. Sannan ka riƙa lura, in sun ba ka nauyi da giram, mai da shi kilo kafin ka taɓa 4200. Waɗannan biyun su suka fi kayar da yara a aji na.

Mai Shayin Tasha:
Salamu alaikum manya. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma shekara da shekaru ina kan wuta. Malam, ka ce ruwa yana tsayawa a 100. Ni na san ruwan da ya daɗe yana tafasa ya fi wanda ya fara yanzu ƙuna. Direbobi ma sun san haka, in na zuba musu wanda ya fara motsi yanzu sai su ce bai nuna ba.

Malamin Fiziks:
Wa alaikas salam, Baba. Wanda ya fara 'yan ƙwayoyi a gindin buta yana tsuwa, wannan bai kai ba tukuna, direbobinka suna da gaskiya. Amma da zarar ya birkice yana ɓulɓula sosai, ya tsaya ke nan. Ko ka ƙara gawayi buhu guda ba zai ƙara digiri ɗaya ba. Duk wutar da ka ƙara tururi take komawa.

Kuma tururi ya fi komai tsada a nan. Lita ɗaya daga digiri 20 zuwa tafasa, kilojul 336 take ci. Amma kafin wannan litar ta ƙone ta zama tururi, sai ta ƙara cin kilojul 2260, kusan ninki bakwai. Wani malamin jami'ar Gilasgo, Joseph Black, shi ya fara bayyana wannan ɓoyayyen zafi a shekarun 1760. Butarka lita nawa take ɗauka?

Mai Shayin Tasha:
Babbar za ta ci goma.

Malamin Fiziks:
To tafasa ta daga farko 10 × 336, kilojul 3360. In ka bar ta tana huci har lita ɗaya da rabi ta ƙone, 1.5 × 2260, kilojul 3390. Ka biya kuɗin tafasa buta biyu, ka sayar da shayin ƙasa da buta ɗaya. In ta tafasa, janye ta gefen wuta, rufe murfi, ko ka juye a babban filas.

Mai Shayin Tasha:
Hahaha, Malam, ka san lissafi amma ba ka san tasha ba. Da ƙarfe biyar na asuba, mu huɗu ne a jere. Fasinja yana saukowa daga mota yana rawar ɗari, ina kake jin zai nufa? Inda ya hango tururi yana tashi a hasken fitila. Ranar da na gwada filas, wani ya taɓa kofin ya ce na jiya ne. Tururin nan shi ne allon tallata.

Injiniyan Sola:
Baba ya kashe bakin kowa. To a sa shi a lissafin kuɗin talla, kada a sa shi a na dafa ruwa.

Ɗan Jos:
Malam ina da gyara. Ka ce 100, 100. Mu nan ba ya kaiwa. A makaranta mun saka ma'aunin zafi a ruwa yana tafasa, wajen 96 ya tsaya.

Malamin Fiziks:
Haka ne. Jos ta haura mita 1200 daga doron teku, iskar da ke danne ruwan ta ragu, sai ya tafasa da wuri. Ɗari cif a bakin teku ne, irin su Legas. Kano ma ba ta cika ba, tsakanin 98 da 99 take. A lissafin wanka wannan ba ya canja komai, amma waken mutanen Jos yana ɗan jinkirin nuna, tunda ruwan nasu ba ya kai zafin na wasu.

Maman Sadiq:
To ku faɗa min wanda ya shafe ni. Gas ko hita, wanne ya fi arha?

Injiniyan Sola:
Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da kilojul kusan 46,000. Sai dai ba duka yake shiga ruwan ba, harshen wutar yana bin gefen tukunya ya ɗumama kicin. A ce rabi ya shiga, 23,000. Raba 1848 da wannan, giram 80 ke nan a bokiti. Silinda mai kilo 6 za ta yi bokiti 75. In a unguwarku kilo naira 1,200 ne, bokiti ya tashi naira 96, ki sa farashin da kika saya ki sake bugawa.

Hita kuwa tunda a cikin ruwan take zaune, kusan duk abin da ta ja ruwan ne ya sha. Lokacin da aka mai da 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wa wuta, naira 225 kan yunit a Afrilun 2024, rabin yunit da ɗan ɗoriyar nan ya kama naira 115. Wanda yake ƙaramin rukuni, nasa bai kai haka ba nesa ba kusa ba, in ya samu wutar. Don haka amsar tana ga takardar kuɗin wutarki.

Abu ɗaya dai Hajiya: kada kowa ya tsoma hannu a bokiti hita tana jone, musamman irin waɗanda ake haɗawa a kasuwa da waya a fili. A zare soket tukuna. A faɗa wa yara da 'yar aiki.

Hajiya Inna:
Ku duk kuna maganar bokiti. Ku lissafa min ruwan jego. Garwa biyu, safe da yamma, har a yi arba'in, kuma da itace. Lokacinmu tun ciki yana wata bakwai miji yake fara jibge itace a zaure.

Malamin Fiziks:
Da dalilinsa, Hajiya. Garwa biyu a ce lita 40, daga 20 zuwa tafasa: 40 × 336, kilojul 13,440. Busasshen itace yana da wajen 16,000 a kilo, wanda bai san murhu ba sai ya ce kilo ɗaya ya isa. Amma murhun duwatsu uku a fili, iska tana kaɗawa, abin da yake shiga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Don haka kowane wanka kilo 6 zuwa 8. Wanka 80, ana maganar rabin tan ko fiye. In itacen ɗanye ne abin ya ƙara lalacewa, domin ruwan da ke cikinsa ma sai ya karɓi nasa 2260 kafin ya bar wutar ta yi aiki.

Murfi kawai da kare murhun daga iska da 'yan bulo ko tsohon kwano, za ki ga itacen ya yi auki.

Hajiya Inna:
Murfi kam gaskiya ne. Yaran yanzu sai su ɗora ruwa a buɗe su tafi danna waya.

Ɗan Maraɗi:
Mu a nan jarka baƙa muke cikawa mu aje a rana tun hantsi. La'asar na yi ka samu ruwan wanka, ba gawayi ba gas.

Injiniyan Sola:
Yana aiki. Rana tsaka, in sama ta yi tas, tana zubo kusan wat 1000 a kan kowace murabba'in mita. Fuskar jarka mai lita 25 ba ta wuce 0.15 ba, wat 150 ke nan. Awa biyar ya ba ka kilojul 2700, a ce rabi ya zauna, 1350. Raba da 25 × 4.2, ruwan ya hau da digiri 13 kusan. Matsalar biyu ce: ranar da hazo ya rufe ba za ka samu haka ba, sannan yaran makaranta da asuba suke wanka, kafin nan jarkar ta huce.

Ɗan Maraɗi:
Sai a naɗe ta da tsohon bargo a shigar da ita ɗaki tun kafin magariba. Ba ya kwana da zafi sosai, amma ya fi na randa nesa. Ko dai a mai da wankan yara yamma, ba aya ba ce.

Ɗan Aji Shida:
Malam, gani ya kori ji, na gwada yanzu da aka kawo wuta. Butar lantarki, an rubuta 2000W. Na zuba lita ɗaya da rabi na ruwan famfo, na ɗauke shi digiri 25, ya tafasa a 99. Lissafina 1.5 × 4.2 × 74 = 466, a raba da 2, daƙiƙa 233, bai cika minti huɗu ba. Amma da agogon wayata minti shida da daƙiƙa ashirin ta yi kafin ta kashe kanta. Ina sauran ya tafi? Murfin a rufe yake.

Malamin Fiziks:
Lissafinka daidai ne wannan karon. Jikin butar yana shan kaɗan, amma ba zai kai haka ba. Injiniya?

Injiniyan Sola:
Ƙanena, akwai sitabilaiza a gidanku? Duba me take nunawa a wajen shigowa.

Ɗan Aji Shida:
Tana wasa tsakanin 178 da 183.

Injiniyan Sola:
Ga ɓarawon nan. Wat 2000 ɗin da suka rubuta, sai in wuta ta cika 230 ne. In ta ragu, ƙarfin butar yana faɗuwa ninki biyu na raguwar, domin sai ka buga lambar da kanta: 180 a raba da 230 ya ba ka 0.78, sau 0.78 kuma ya ba ka 0.61. Butarka wat 1220 take bayarwa, ba 2000 ba. Raba 466 da 1.22 ka gani.

Ɗan Aji Shida:
382. Minti shida da daƙiƙa 22. Kai!

Maman Sadiq:
To ashe in wuta ba ta da ƙarfi cutarmu ake yi, tunda hita tana daɗewa a jone mita tana ta juyawa.

Injiniyan Sola:
A'a Hajiya, tana daɗewa amma a hankali take ja. Mita abin da aka sha take ƙirgawa, ba tsawon lokaci ba. Rabin yunit ɗin nan dai za ki biya, sai ɗan abin da ya huce a iska saboda jiran. Firij da injin jan ruwa su ne ƙaramar wuta take wahalarwa, ita hita ba ruwanta.

Maman Sadiq:
Zan karanta mita kafin da bayan, gobe in an bar mana wutar.

Mai Shayin Tasha:
Injiniya, wannan abin auna zafin ruwan a ina ake sayar da shi? Na kemis ɗin da ake sa wa yara a hammata zai yi?

Malamin Fiziks:
Kada ka soma, Baba, wannan iyakarsa digiri 42, fashewa zai yi a butar. Ka tambayi masu sayar da kayan gwaje-gwajen makarantu, ka ce mai kaiwa 110 kake so.